Saja Benson da Daɓen Maman Vicky

A layin da ke bayan kasuwar Trikania babu wanda bai san Saja Benson Didam ba, kuma da wuya ka sami mai ƙaunarsa. Mutumin wajen Zonkuwa ne, dogo, mai faffaɗan ƙirji, da muryar da ko "ina kwana" ya ce maka sai ka zaci faɗa zai fara. Tun yana saurayi ya shiga soja aka koya masa tuƙi. Ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana jan manyan motoci daga wannan bariki zuwa wancan, daga baya ya zama direban wani kanar. A lokacin ne ya kama haya a layin, shi da matarsa Judith, malamar firamare, mace mai sanyin hali da ta saba bai wa maƙwabta haƙuri a madadin mijinta.

Zamanin da yake cikin kaki, in ya shigo layi yara kan watse, manya su yi kamar ba su gan shi ba. Ya taɓa sa wani ɗan acaɓa tsallen kwaɗo saboda ya fantsama masa ruwan kwata. Mutane suka kalla, kuma ba su manta ba.

A shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, aka yi wa kanar ɗinsa ritaya, shi ma Benson bai daɗe ba ya biyo baya. Abin da ya fito da shi daga aikin soja shi ne wata tsohuwar jif koriya da ya saya a gwanjon motocin gwamnati, da wani jak mai taya, irin mai dogon hannun nan da ake turawa ƙarƙashin mota a yi ta dannawa har ta ɗaga. Jif ɗin ta zama aikinsa, ta zama hirarsa. Ba ya kai ta gareji. Cewa yake yi makanikan zamani ɓarayi ne, su cire maka mai kyau su saka maka mai mutuwa.

Duk zafin kansa, wajen ɗaga mota ba ya gaggawa. Sai ya sami wuri mai tauri wanda ya daidaita. Ya sa giya, ya ja burkin hannu, ya sa wa tayoyin da za su zauna a ƙasa waigi, wato ya tokare su don kada su gangara. Ya sassauta notuna tun motar na ƙasa. Sannan ya durƙusa ya nemi ƙarfen shasi, babban ƙarfen da ke ɗauke da jikin motar, ya daidaita kan jak a wurin, ya riƙa dannawa a hankali yana sauraro. In ta ɗaga, ya tura ƙafafun ƙarfe guda biyu ya sauke nauyin a kansu, ya girgiza motar da kafaɗa ya ga ko za ta motsa. Tayar da ya cire kuma ba ya jingine ta a bango, kwantar da ita yake yi a ƙarƙashin shasi. Yana da dalili. Yana kofur, a hanyar Maiduguri, ya ga abokinsa ya shiga ƙarƙashin babbar mota da jak kaɗai, yashi ya zame, motar ta zauna masa a ƙirji. Benson ne ya jawo shi ta ƙafa. Bai cika ba da labarin ba, amma duk wanda ya zo aron jak ɗinsa sai ya kore shi da zagi.

Matsalar ita ce duk layin ƙasa ce ja, da damina ta koma caɓi. Wuri ɗaya ne mai tauri: wani daɓen siminti a ƙofar gidan hayarsu, ragowar wani shago da aka rushe. A kan daɓen nan kuma Dorcas, wadda kowa ke kira Maman Vicky, take suyar ƙosai da doya kowace safiya. Mijinta ya rasu yana aiki a wata masaƙa, da kaskon nan ta riƙe 'ya'yanta. Gajeriya ce, mai kaifin baki, kuma ta riga Benson zuwa layin da shekaru.

Lokacin kaki, in Benson ya kawo motar kanar zai duba, kallo ɗaya yake yi mata ta kwashe kayanta ta koma bakin kwata. Asabar ta farko da ya nufo daɓen da tasa jif ɗin bayan ritaya, ya danna hon, Maman Vicky ko ɗaga kai ba ta yi ba.

"Ke! Ba ki ji ba ne?"

"Na ji," ta ce, tana juya ƙosai. "Saja, mulkin soja ya ƙare. Ko ba a gaya maka ba?"

Masu jiran ƙosai suka ƙunshe dariya. Benson ya fito daga mota, ya tsaya a kanta yana huci. Da can tsayuwar nan kaɗai ta isa. Ranar kuwa sai ya ga mutane sun zuba masa ido, babu wanda ya sunkuyar da kai. Ya koma mota ya buga ƙofa.

Daga nan gaba ta ƙullu. Ya kai ƙara wurin mai unguwa, mai unguwa ya ce daɓen na mai gida ne, mai gida kuma yana Zariya ya ce su daidaita kansu. Benson ya riƙa tayar da jif ɗin da safe yana taka mai, baƙin hayaƙi na turnuƙe kaskonta. Ita kuma ta riƙa watsa ruwan wanke-wanke daidai inda yake faka mota. Judith ta ce masa, "Baban Kevin, ka bari sai la'asar mana, ai da rana take tashi." Ya ce shi ba zai tsara ranarsa da agogon mai ƙosai ba. Ana cikin haka gutsattsarin katakon da yake waigi da su suka ɓata daga bayan gida. Bai ga wanda ya ɗauka ba, amma ya rantse sun ƙone a murhun Maman Vicky.

Cikin watan Agusta burkin baya na jif ɗin ya fara ƙara. Wata Asabar da sassafe, kafin ta fito, ya hau daɓen da motar. Ya duba bai ga abin waigi ba, sai ga duwatsun murhunta uku a gefe, baƙi ƙirin da hayaƙi. Akwai bulo a cikin gida, ya sani. Amma ya ɗauki biyu daga cikin duwatsun ya tura gaban tayoyin gaba, yana jin daɗi a ransa. Daɓen yana da ɗan gangare zuwa kwata, kuma tunda bayan motar zai ɗaga gaba ɗaya, burkin hannu da giya ba za su riƙe komai ba, duwatsun nan ne kaɗai. Ya ɗaga, ya sa ƙafafun ƙarfe, ya cire tayoyin baya ya kwantar da su ƙarƙashin shasi, ya shimfiɗa kwali ya shige.

Yana kwance yana fama da wani noti da ya yi tsatsa, ya ji an dire itace a ƙasa.

"Wane mara mutunci ne ya taɓa min murhu?"

"Ki je bakin kwata," ya amsa daga ƙarƙashi. "Can ne wurinki."

"Wurina? Saja, fito ka maimaita a gabana."

"In na gama."

Ta yi ta zazzaga masa. Ta tuna masa ɗan acaɓan nan, ta ce duk layin addu'a suke yi ya tashi. Shi kuma ya ce mata ɓarauniyar katako. Daga inda yake kwance ƙafafunta kawai yake gani cikin silifas, suna kai da kawo. Sai ya ga sun nufi gaban motar. Ya ji ƙarar dutse a kan siminti.

"Maman Vicky! Kar ki taɓa wannan!"

"Dutsena ne ko naka?"

Ta zagaya ɗaya gefen. Ya yar da sifana ya fara jan jiki zai fito, amma ta riga ta fizge na biyun. Jif ɗin ta yi wani ƙugi, ta gangara gaba kamar taku ɗaya. Ƙafafun ƙarfen suka karkace suka faɗi. Bayan motar ya rufto.

A kan tayoyin da ya kwantar ta sauka. Duk da haka aksil, ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, ya daki kafaɗarsa ta hagu ya danne shi da ƙasa. Ya ji ƙashi ya ce ƙas. Numfashi yana shiga, amma da ƙyar.

Ihun Judith ne ya tara jama'a. Maza suka kama bayan motar za su ɗaga da hannu, Benson ya daka musu tsawa daga ƙarƙashi, muryar a shaƙe.

"Kar wanda ya taɓa! Za ku tura min ita. Ku sa waigi tukuna!"

Nuhu tela, maƙwabcinsu, wanda Benson ya taɓa kora da ya zo aron sifana, shi ya kawo bulo ya tokare tayoyin gaba. Ya jawo jak, Benson na gaya masa inda zai sa.

"Ba nan ba, za ka fasa tanki! Matsa dama. Ƙarfe mai kaurin nan. Danna a hankali, a hankali na ce!"

"Saja, ko a nan ma faɗa kake yi?" in ji Nuhu, gumi na zuba masa. Amma ya danna a hankali, motar ta ɗaga, aka jawo Benson.

Maman Vicky tana tsaye, dutsen na hannunta har lokacin. Benson ya dube ta daga ƙasa.

"Kin so kashe ni."

"Ban san za ta faɗi ba," ta ce. Sai kuma ta ga idanun mutane a kanta, muryarta ta dawo. "Wa ya ce ka ɗaukar min duwatsu?"

A asibiti aka ce ƙashin wuyan kafaɗa ya karye. Da ya fito, hannu a rataye, ofishin 'yan sanda ya wuce kai tsaye. Aka kira Maman Vicky, ta yini a tsare a bayan kanta, matan layi suka yi cincirindo a ƙofa. Da aka nemi shaidu, kowa ya ce shi bai ga komai ba. Har Nuhu cewa ya yi ihu kawai ya ji. Wani sufeto mai ƙananan shekaru ya saurari duka biyun, ya ce, "Baba, ku koma gida ku sasanta." Benson ya ce shi saja ne. Sufeton ya ce, "Na ji, Baba," ya kira na gaba.

Wannan ya fi karayar yi masa ciwo. Ya dawo gida ya zauna a ɗaki, ya ƙi cin abinci. Dattawan coci suka zo da fasto, suka kawo Maman Vicky ta ba da haƙuri. Ta ce, "Ka yi haƙuri," tana kallon bango. Ya ce ya ji, yana kallon taga. Da suka fita ya ce wa Judith in ta sake sayen ƙosai a wurin matar nan, ta haɗa kayanta.

Kafaɗar ta warke a karkace, hannun bai sake ɗaguwa sama da kai ba. Danna jak ya gagare shi da hannu ɗaya, ya koma tsayawa a kan Judith tana dannawa yana gyara mata, har ta ce ita malama ce ba makanike ba. Dole ya fara kai motar gareji, inda yake zama a benci yini guda yana sa wa masu gyara ido, suna tsanarsa yana tsanarsu.

Da hayarsu ta ƙare ya ƙi sabuntawa. Ya sami aikin shugaban masu gadi a wata masana'anta a Kudenda, suka koma can. Ranar tashi ba wanda ya fito ya taya su ɗaukar kaya sai Nuhu, shi ma don Judith. Maman Vicky tana kan sana'arta, ta ƙara itace a wuta ta juya musu baya.

Judith ta ci gaba da zuwa Trikania gaida mutane a ɓoye, har bikin Vicky ta je. Benson ya ji labari daga baya, ya yi mako guda bai yi mata magana ba. A Kudenda ya tsufa, masu gadin da ke ƙarƙashinsa na yi masa "yes sa" a gaba suna la'antarsa a baya. Ya rasu bayan gajeriyar jinya. Daga tsohon layinsu mutum biyu ne suka zo jana'iza, kuma da aka gama ba su tsaya cin abinci ba.