Mai Hoto a Gaban Sabuwar Na'ura

A ɗakin kwamfuta na laburaren unguwarmu akwai wani dattijo da nake lura da shi. Furfura ta cinye gemunsa, igiyar kyamara kuma ta bar masa kanta a wuya. Ina kyautata zaton mai ɗaukar hoto ne wanda wayoyin hannu suka kwashe wa kasuwa.

Yau yana koyon aika umarni ga manhajar da ke ƙirƙirar hotuna, ta hanyar da masu haɗa manhaja suke bi, domin ya jona ta da shafin shagonsa na intanet. Ya sanya mabuɗin sirrin da aka ba shi, yana bin layukan umarnin da yatsa ɗaya.

"Baba, danna mana," in ji ma'aikaciyar ɗakin. "Ai ba ta cizo."

"'Yata, idan wannan ta ƙi ni, sai rufe shago."

Ya gyara zama, ya ɗaga hannun hagu ga allon, ya ce, "Kada kowa ya motsa." Sannan ya danna.

Sai ga hoton wani iyali a gaban labule. Ya daɗe yana dubawa.

"Madalla," in ji shi. "A ƙara ɗaya, ko wani ya ƙifta ido."