Ƙofar Gwaggo a Karantina

A lungunmu na Karantina, a nan ƙasa mai tsarki, ba a ƙwanƙwasa ƙofa. Na gida sallama yake rafkawa tun daga bakin lungu, ya tura ƙyaure ya shige. Wanda ya ƙwanƙwasa baƙo ne, baƙo kuwa a wurinmu hukuma ce. Sai a kashe rediyo, a toshe bakin yara, a yi tsit har ya gaji ya tafi. A haka aka rene mu. Ni da nake da iƙama, takardar zamana lafiya lau, har yau in aka buga ƙofa sai gabana ya faɗi.

Gwaggona, yayar mahaifina, ta fi kowa iya wannan tsit ɗin, alhali ba ta da abin tsoro. Marigayi mijinta ɗan ƙasa ne, ta dalilinsa ta zama 'yar ƙasa, gidan ma shi ya gina. Abin da take ɓoyewa yana ɗakin baya: wata tsohuwa da muke ce wa Kaka, ita kuma Gwaggo ta ce mata Yaya. Ba su haɗa jini ba. Kaka ta zo aikin Hajji tun ba a haife ni ba, ta yi zamanta babu takarda. Gyaɗa take soyawa ta kai bakin titi a tire. In ta hango motar baladiyya, masu korar 'yan talla, sai ka rantse ƙafafun aro ta yi. Mun sha tsokanarta cewa ko kura ba za ta kamo ta ba.

Ni mai gyaran famfo ne, don haka duk wata lalurar gidan a kaina take ƙarewa. Unguwarmu ba ta cikin tsarin gari, wa zai ba ka izinin gyara? Ranar Juma'a nake zuwa, lokacin da ma'aikatan hukuma masu zagaye suke hutu, in liƙe bututu, in toshe tsagar bango, in shafa kwalta a rufi. Gidan ya sha faci kamar tayar keke. Na gaji da shi, ba zan ɓoye ba, na sha ce wa Gwaggo wata rana a kansu zai faɗo.

Bai faɗo da kansa ba. Wata safiya aka wayi gari an bi bangayen lungun da jan fenti, an rubuta kalmar rushewa. Aka ce za a yanke wuta da ruwa, kowa ya san inda dare ya yi masa. Irina masu iƙama babu abin da aka tanadar mana, na kwashi matata da yara muka cusa kanmu a ɗaki ɗaya a gidan surukina a unguwar Ruwais. Amma 'yan ƙasa an ce ba za a bar su a titi ba. Kwamiti zai bi gida gida ya ga mazauna da idonsa, sannan a ba su matsuguni. Na yi hamdala, na ce ko ba komai Gwaggo ta tsira.

Kwamitin ya zo, ya ƙwanƙwasa. Gwaggo ta kashe rediyo. Suka sake dawowa, ta sake yin tsit. Da labari ya iske ni na zo a fusace, lungun duk an watse, an ciccire ƙofofi da tagogi an sayar, kyanwoyi na yawo a ɗakunan mutane. Na ce mata waɗannan ba kamu suka zo yi ba, gida suka zo ba ta. Na ce a kai Kaka wani wuri na yini ɗaya. Ta ce to bayan yinin fa? Ta ji labarin sababbin gidajen: bene ne, da mai gadi a bakin ƙofa, maƙwabta ba ka san su ba, ba su san ka ba. Ina za ta ɓoye mutum a can?

"Gwaggo, katafila ba ta ƙwanƙwasawa," na ce mata.

"To ta same mu tare. Da mijina ya kwanta ciwo, wa ya taya ni juya shi? Ba zan bar Yaya a kango in hau bene ba."

Kaka na ɗakin baya tana ɓare gyaɗa. Duk abin da muke faɗa a kunnenta.

Washegari ta yi wanka, ta saka kayanta na Juma'a, ta soya gyaɗa, ta ɗauki tire ta fita kamar kullum. Wata mai sayar da turare ce ta kawo mana sauran labarin. Motar baladiyya ta ɓullo, 'yan talla suka watse, suna ce mata yalla Kaka, tashi. Ita kuwa ta gyara zamanta. Ma'aikacin da ya sauko ma tausayinta ya ji, ya ce ta kwashe kayanta ta tafi, halas, magana ta ƙare. Ta ƙi. Ta gaya masa da bakinta cewa ba ta da takarda, kuma ba ta da inda take kwana.

Na same ta a inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu, na kai mata magani da zannuwa. Na zo da faɗa a bakina, amma ita ta riga ni magana. Ta tambaye ni ko an kwashe kaskon suyarta daga wuta. Sannan ta ce, "Ka ce wa Gwaggonka ta buɗe ƙofa."

Aka sa ta a jirgi zuwa Kano, garin da ta baro tana budurwa. Mun buga waya ga duk wanda muka sani a can. Wani ya ce ya ga mai kama da ita a filin jirgi. Daga nan shiru, har yau.

Da kwamitin ya dawo, Gwaggo ta buɗe. Samari ne masu ladabi, suka gaishe ta da Larabci, suka tambaya su wa ke zaune a gidan. Ta ce ita kaɗai. Ba ƙarya ta yi ba, abin da ya fi yi mini ciwo ke nan.

Yanzu tana bene, can arewacin gari. Famfo ba ya yoyo, bango ba tsaga, in na je ranar Juma'a ba ni da abin gyarawa, sai in zauna muna kallon juna. Ta ƙi kwana a ɗaki, ta ja katifarta kusa da ƙofa. Ko ƙofar maƙwabci aka buga sai ta miƙe da sauri ta buɗe tata, ta leƙa dama da hagu. Rannan na kasa haƙuri, na ce mata ko da Allah zai dawo da Kaka ai ba za ta ƙwanƙwasa ba, sallama za ta yi.

Gwaggo ta shafa ƙofar, ta ce, "Wannan mai kauri ce, ba a jin sallama. Dole ta ƙwanƙwasa."