Bakaniken da Ya Kai Ƙarar Kansa

Ranar Litinin da ta wuce, bakaniken da direbobi ke kira Baba Bari-ta-huce ya rufe rumfarsa ta gyaran lagireto, bayan shekara arba'in da ɗaya yana hana injin mota tafasa. Ba tashinsa aka yi ba, ba kuma ciniki ne ya ja baya ba. Kwana tara kafin nan ya shiga ofishin wani kamfanin sabulu, ya shaida wa manajan sufuri cewa laifin da aka dakatar da direbansu a kai ba na direban ba ne, nasa ne. Babu wanda ya tuhume shi. Shi ya binciko, shi ya kai ƙarar kansa.

Rumfar tana ƙarshen layin garejoji, tsakanin mai faci da mai walda. Ƙarfe bakwai na safe yake buɗewa. Ya share ƙasa, ya cika rabin duro da ruwa, ya jera kayan aikinsa a kan buhu: dalma, kan wuta, burushin waya, da famfon keke. Idan an kawo lagireto mai yoyo, sai ya toshe bakunansa, ya nutsa shi cikin duron, ya buga masa iska, ya zuba ido. Inda kumfa ta taso, nan ɓarakar take. A bayan rumfar akwai duro uku da yake tarar ruwan sama, domin ya ce ruwan rijiya yana barin farin gishiri a cikin bututu, sannu a hankali ya toshe su.

Sunan da ake kiransa da shi daga bakinsa ya fito. Direba zai shigo a guje, tururi na tashi daga gaban mota, ya diro yana miƙa hannu ga murfin lagireto. Baba ko tashi ba ya yi daga benci. “Bari ta huce,” in ji shi. Wanda ya yi gardama, sai ya naɗe masa hannun rigarsa na dama ya nuna masa tabon da ya taso daga wuyan hannu har gwiwar hannu. Yana ɗan shekara goma sha tara ya samu wannan tabo, ranar da ya buɗe murfi da zafinsa.

Lokacin da motar ke hucewa ba zaman banza yake yi ba, tambaya yake yi. Yaushe take zafi, tana tafiya ko tana tsaye cikin cunkoso? A hawa ko a shimfiɗaɗɗen titi? Kwana nawa kake ƙara ruwa? Sai ta huce sannan ya duba robar murfi, ya matsa tiyo, ya shafa bayan hannunsa a jikin lagireto yana neman wurin da ya fi sauran sanyi. Ya taɓa bel ya ji ko ya saki. Ya zaro sandar auna baƙin mai ya ga ko ya koma kalar madara, alamar ruwa ya shiga inda bai kamata ba. Spana ita ce ta ƙarshe da yake ɗauka.

Mai faci, wanda suka shekara ashirin da shida suna maƙwabtaka, ya ce ya ga ranar da wata malamar makaranta ta zo idonta ya yi ja, an ce mata sai ta sauke inji. Baba ya juya murfin lagiretonta a tafin hannu, ya ga robar ta tsage, ya sa mata wani, ya ce ta je ta dawo bayan mako. Ta dawo da murmushi. Ya kuma tuna wani direban babbar mota da ya fasa ɗanyen ƙwai huɗu cikin lagireto don ya tsayar da yoyo. Da Baba ya buɗe, warin ya bugi kowa.

“Mota ka kawo mini, ko karin kumallo?”

“Baba, dabarar hanya ce.”

“To ka kawo burodi mu ƙarasa.”

Abu ɗaya ne bai taɓa yarda da shi ba. Akwai ƙaramin bawul da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya ɗauki zafi, wanda direbobi da yawa ke so a cire a yar. Baba ya ce in ya lalace a sa sabo, amma shi ba ya cirewa. Wasu sun yi fushi sun tafi wani wuri. Da yawansu sun dawo.

Watanni biyu da suka wuce aka kawo masa ƙaramar bas ta kamfanin sabulun, mai ɗaukar ma'aikata goma sha takwas safe da yamma. Direbanta shi ne wanda abokan aikinsa ke kira Sannu-Sannu, saboda ba ya gudu. Shekara goma sha bakwai yana tuƙa wa kamfanin, ko fitila bai taɓa fasawa ba. Fankar motar ce ta mutu. Baba ya wanke lagireto, ya sa sabuwar fanka mai aiki da lantarki. Soket ɗin da ake jona fankar ya ƙone, saboda haka ya yanke shi ya haɗa wayoyin biyu da hannu. Ya tada motar, ya bar ta tana aiki a tsaye rabin awa. Fanka ta juya, allurar zafi ba ta motsa ba. Ya sallame su.

Bayan mako uku injin ya ƙone a hawan da ke bayan gada. Kamfanin ya gyara motar a garejinsa, ya ajiye ta, ya dakatar da direban bisa zargin sakaci, ya ce kwamiti zai zauna a kansa.

Sannu-Sannu bai zo rumfar da ƙorafi ba. Gaisuwa ya zo, don zaman gida ya ishe shi. Ya zauna a benci yana juya hularsa a hannu.

“Yaya yara?” in ji Baba.

“Lafiya lau. Ƙaramar ce kullum take tambaya me ya sa ban tafi aiki ba. Na ce mata motar ce ba ta da lafiya.”

“Yaushe take zafi?”

“Baba, ai magana ta wuce.”

“Tambayarka nake yi, ɗana. Yaushe?”

“A tsaye lafiyarta ƙalau. Sai na kama titi, musamman a hawa. Sau biyu ina faɗa a ofis, suka ce fanka sabuwa, lagireto wankakke, wa ya yi aikin? Na ce Baba. Suka ce to ka ji, ƙafarka ce.”

Baba ya juya maganar a ransa. Ya san fanka matacciya a tsaye take dafa inji, toshasshen lagireto kuma a kan hanya. Wannan lagireton da hannunsa ya wanke shi. Abu ɗaya ya rage, fankar da shi da kansa ya sa, kuma bai so tunaninsa ya je can ba. Ya je.

Washegari da hantsi ya rufe rumfa ya tafi harabar kamfanin, ya roƙi mai gadi da bakaniken kamfanin su tada masa bas ɗin. Suka jira har fanka ta kama. Baba ya yagi gefen tsohuwar jarida ya kara a gaban ragar motar. Fanka mai kyau tsotso iska take yi daga waje, takarda ta manne. Wannan takardar tashi ta yi ta faɗo a kan takalminsa. Ya ɗauka ya sake karawa. Ta sake faɗowa. Fankar baya take juyawa, tana turo iska waje. A tsaye hakan na iya wadatar da inji, shi ya sa ta ci gwajinsa. A kan titi kuwa iskar hanya na turowa ciki, fanka na turawa waje, lagireto ya rasa ko ɗaya.

Ya leƙa ya ga haɗin wayoyin. Naɗin tef ɗinsa ne, irin wanda yake ninke ƙarshensa.

Bakaniken gidan ya ce a hankali, “Baba, mu juya su kawai. Wa ya gani?”

“Ni na gani.”

Da la'asar ya koma gida da guntayen waya biyu a aljihu, ragowar waɗanda ya yanke a ranar aikin. Babbar 'yarsa, tela ce, tana kan keken ɗinki a tsakar gida. Ya ajiye mata su a kan ƙyalle.

“Wane launi ne waɗannan?”

“Baƙa da shuɗiya. Baba, wasa kake yi?”

“Ni duka baƙaƙe nake gani.”

Keken ya tsaya. Matarsa ta fito daga ɗaki da tsintsiya a hannu. Ta ce shekara guda ke nan tana lura yana kai kofi kusa da hanci kafin ya zuba shayi, in ta yi magana ya ce hayaƙin dalma ne.

“Yanzu me za ka yi, Malam?”

“Zan je in faɗa.”

“Sunanka fa? Shekara arba'in.”

“Shi ma yana da suna. Yana da 'ya'ya biyar kuma.”

Da safe matar ta goge masa farar rigarsa.

Da Baba ya isa ofis, manajan sufuri ya ɗauka aiki ya zo nema. Baba ya ƙi zama. Ya ce, “Ranka ya daɗe, direbanku ya faɗa muku gaskiya sau biyu, kuka ƙi ji saboda sunana. Ni na juya wayar fanka. Ku zo ku gani.” Aka fita haraba, aka sake gwajin takarda a gaban manaja da ma'aikata shida. Sannan bakaniken gidan ya kwance haɗin ya juya wayoyin, domin Baba ya ce shi ba zai ƙara taɓa waya ba. Takarda ta manne. Manajan ya nemi a rubuta bayanin. Aka rubuta, aka karanta masa, ya sa hannu.

Likitan idon da ya duba shi ya ce yanar ido ce ta rufe idanun biyu, kuma ana iya aiki. Mai faci ya yi ta lallashinsa. “Kai tsoho, a kankare maka ido ka dawo. Wa zan riƙa zagi da safe?” Baba ya ce in an kankare ya gani, za a yi magana. Amma ba zai karɓi motar mutum yana lalube ba. Kwanakin da suka rage ya yi su ne yana kiran masu motocin da ya yi wa aikin waya a bana, su goma sha ɗaya, yana sa a kara musu takarda. Duka suka manne.

Baba, kai ne ka koya wa layin nan cewa tambaya tana gaba da spana. Kai ne mai sanyaya ƙarfe, wanda bai taɓa sayar wa mutum inji ba alhali murfi ne ya lalace. Kuskure ɗaya aka sani naka cikin shekara arba'in da ɗaya, kuma ba don bakinka ba da har yau ba a san shi ba. An ba ka hanyar da za ka gyara a ɓoye ka koma bencinka da sunanka cif. Ka duba ka ga akwai mutumin da ke zaune a gida saboda kai, ka ƙi.

Direbobin da ka hana ƙona hannu suna godiya. Masu motocin da ka tsirar wa inji suna godiya. Allah ya ba da lafiyar ido, ya saka da alheri. Masu sana'a kuma, na gareji da na ofis da na asibiti, ga abin koyi: idan ƙaramin ma'aikaci ya ce abu ba daidai yake ba, a je a duba, ko da babban gwani ne ya yi aikin. Idan kuma kai ne gwanin, ka riga kowa zuwa dubawa.

Bas ɗin ta koma hanya da wani direba, tana hawan bayan gada sau biyu a rana, allura ba ta wuce rabi ba. Sai dai kamfanin ya ce bayanin Baba bai rufe magana ba. Wasu 'yan kwamitin na ganin ya kamata Sannu-Sannu ya kashe mota nan take da allura ta hau. Shi kuma ya ce hawan ba shi da gefen tsayawa, ga mutum goma sha takwas a bayansa, ga manyan motoci na biye da shi, shi ya sa ya ƙarasa sama. Baba ya nemi a bar shi ya yi wa kwamitin bayani da bakinsa, ba a ba shi amsa ba tukuna. Ranar Alhamis za a zauna. Har zuwa rubuta wannan, Sannu-Sannu yana gida.