Gumbar da Ta Cinye Irinmu

Har yau in na ji ƙanshin gumba sai raina ya ɓaci. Jikokina na yi mini dariya, wai tsohuwa tana gaba da abinci. Bari ka ji dalili.

Ina yarinya a Matameye, Nasara bai daɗe da zama ba, gardawan kumandan, wato dogaran Baturen mulki, suka shigo gidanmu karɓar hatsi. Suka share rumbu tas, har damin irin da ke rataye a madafa yana shan hayaƙi ba su bari ba. Wanda ya sauko musu da shi maƙwabcinmu ne, da shi ake sahun gaba a masallaci.

Abin da ya tsira shi ne ƙwarya guda ta gero, wadda kakata ta ɓoye a ƙarƙashin randa. Da ita za mu yi shuka, babu wata.

Na tambayi kakana, in Allah na gani, me ya sa ya ƙyale su? Ya ɗauki tambayar ya kai wa malam, ya dawo da amsa: zunubanmu ne suka jawo, maganin kuma sadaka. A daka gumba a raba wa yara.

Kakata ta dubi kakana ta ce, "Wane zunubi gero ya yi, Malam? Iri ne fa!"

"Wanda ya ba mu shi zai mayar," in ji kakana.

Ta daka, tana daka tana tsaki, kamar turmin ne ya yi mata laifi. Yaran unguwa suka yi layi, cikinsu har da 'ya'yan maƙwabcin nan. Su ma aka ba su, suka lashe hannu.

Abin haushin, damina ba ta taɓa kyau kamar ta shekarar nan ba. Ruwa ya zuba, gonakin mutane suka yi baƙi ƙirin, tamu kuwa sai ƙarangiya. Da tafasa da ɗan abin da dangi suka miƙo muka kai kaka. Maƙwabcin ya tsufa da ƙibarsa, ya mutu a kan gadonsa.

Kwanan baya jikata ta yi mini irin tambayar nan. Na buɗe baki, sai na ji maganar kakana na fitowa, na yi maza na rufe. Na ce mata ban sani ba, kuma na gaji da masu cewa sun sani. Sadaka kam ina yi. Amma irina yana cikin tulu a ɗakina, kuma duk malamin da ya ce a daka shi, to ya fara kawo nasa.