Uwar Awo Mai Auna Jini Sau Biyu

Ku cinka mini wannan: wane ne ke ƙwanƙwasa ƙofa daga cikin ɗaki, mai ɗakin ba ta ji, sai baƙon da ya toshe kunnuwansa? Ku riƙe tukuna, yau zuciyata da nauyi.

Ranar Talatar da ta wuce, da hantsi, labari ya iske mu cewa Allah Ya karɓi ran ungozomar asibitin unguwarmu, wadda masu ciki ke kira Uwar Awo. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Uwar Awo, baiwar Allah, ni ce tsohuwar nan mai rako jikarta awo, ta hana ki sakat da tambaya. Na lura sau biyu kike auna jinin yarinyar: da na'ura mai maɓalli, sannan ki naɗa mata ɗamara a damtse, ki yi ta matsa 'yar roba, abin saurare a kunnenki. Na ce, "'Yar nan, na'urar ce maƙaryaciya, ko aiki ne ya yi miki kaɗan?"

Kika ce, "Kaka, ita ba ta gajiya, amma wani lokaci takan rage wa mai ciki lamba. Kunnena kuma surutu na ruɗa shi, musamman naki." Kika kashe fanka, kika ce in yi shiru, na kuwa yi. Marigayi mijina har ya koma ga Allah bai ga wannan ranar ba.

Da ƙafafun yarinyar suka kumbura, na'ura ta ce lafiya lau, kunnenki ya ce jini ya hau. Na zuba ido in ga wanda za ki ƙaryata. Ba ki ƙaryata kowa ba. Kika bar yarinyar ta huta, kika sake, suka sake saɓawa, sai kika kama hannunta zuwa wurin likita. Da kuka dawo kika sake naɗa mata ɗamara, kika sa mini abin sauraren a kunne don ki huta da ni. Abin da na ji shi ne na ba ku ku cinka.

Yanzu watan haihuwarta ya kama, tana kan magani, ke kuma kin tafi. Jiya na je da shirin rigima da sabuwar ma'aikaciya. Ban buɗe baki ba, sai ta ɗauko na'ura da ɗamara duka biyun, ashe ɗalibarki ce. Bakin na'ura da na kunnenta ya zo ɗaya: jinin ya sauka.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka makwancinki, Ya ba mijinki da 'ya'yanki haƙurin rashin ki, Ya sauki matan da kika bari lafiya.

Mai ƙwanƙwasar nan kuwa jini ne a damtsen mai ciki, lokacin da aka fara sassauta ɗamara.