Fuskar Da Aska Ba Ta Taɓa Ba

Shekara bakwai ke nan da aka kai mahaifina, Malam Iro, makwancinsa a bayan unguwarmu a Funtua. Duk shekara idan lokacin ya zagayo nakan dafa abinci in raba wa maƙwabta, in yi masa addu'a, in ja bakina in yi shiru. Bana shirun ya gagare ni, saboda wasu takardu guda biyu da ke cikin jakata.

Baba manomi ne, auduga da masara, kuma duk wanda ya zauna da shi zai ce maka mutum ne mai sanyin hali. Abin da ba kowa zai gaya maka ba shi ne fuskarsa ba ta da zane ko ɗaya. Yaran yanzu za su ce to sai me. A zamaninsu Baba, tsoho yana duban kuncinka a kasuwa ya san gidanku tun kafin ku gama gaisawa, domin ranar suna wanzami ke tsaga wa jariri zanen gidan ubansa. Namiji ya tashi da fuska sumul, mutane kan yi masa kallo biyu. Har furfura ta cika masa gemu ana kiransa Iro na Delu, da sunan uwarsa, kamar ɗan goye.

Labarin da muka tashi da shi gajere ne. Kakata Delu ta yi aure a wani ƙauye gefen Dayi. Tana da tsohon ciki aka kashe mijinta ranar kasuwa, aka ce ya saci sa. Tana gama wankan jego ta goya jaririnta ta taho Funtua, ba ta ƙara taka ƙauyen ba. Sunan mijin kuwa, ko sau ɗaya ba mu ji shi a bakinta ba. Matan da ba sa kiran sunan miji, kunya ce, ita kuma ta haɗa kunyar da baƙin ciki ta rufe. "Marigayi" kawai take cewa, ta sauya magana. Baba ya taɓa zuwa ƙauyen yana saurayi don ya tambaya, kawunnansa suka ce ba shi da uba a nan, ya kama hanya tun rana ba ta yi zafi ba.

Ni na ɗanɗana rabona ina shekarar ƙarshe a kwalejin horon malamai. Wani ɗan Kafur ya nemi aurena, magana ta yi nisa, danginsa suka tura binciken asali. Ina bayan ƙofar zaure na ji kawunsa yana cewa, "Malam Iro, halinka ba mu da ta cewa. Sai dai an faɗa mana abin da aka faɗa mana."

Baba ya ce, "To, Alhaji, Allah shi zaɓa mana mafi alheri."

Ya raka su har bakin titi, ya dawo ya ɗauki fartanya ya nufi gona da tsakar rana, alhali an gama noma. Na yi aure daga baya, na kuma dace, amma har yau ban manta bayansa yana fita da fartanyar nan ba.

A ciwonsa na ajali ne ya yi mini maganar, sau ɗaya tak. Ina ba shi kunu ya shafa kuncinsa ya ce, "Binta, ke da kika yi boko. An ce Turawa ba su barin abu sai sun rubuta. Ko sun rubuta wannan?" Na ce zan duba, Baba. Ban duba ba. Ga makaranta, ga yara, ga tsoron abin da zan tarar, domin ni ma a ƙasan raina na yarda ɓarawon ne. Ya rasu bai sake tambaya ba, na kuma ƙara shekara biyar a kai ina cewa gobe. Wannan laifin nawa ne, ba na ɗora wa kowa.

Sai da na yi ritaya na shiga mota zuwa Kaduna, inda ake ajiye tsofaffin takardun gwamnati. Ba ni da suna, ba ni da shekara, sai sunan ƙauye da sa da ranar kasuwa. Ma'aikacin wurin ya dube ni ta saman tabarau kamar na zo neman allurar da ta faɗi a rijiya, amma ya taimaka, Allah ya saka masa. Zuwa uku na yi. Na buɗe fayil na buɗe fayil, rikicin gona, gobara, jakin da ya ci dawar wani, har idona ya fara ruwa. A zuwa na uku na ci karo da wani siririn fayil da gara ta cinye gefensa.

Rahoton likita ne da bayanin shari'a. An kawo gawar wani manomi mai suna Mamman daga ƙauyen, an buge shi da sanduna a gefen kasuwa bisa zargin satar sa. Ba sunan uba, ba maganar mata. Shari'ar ta ƙare a kan cewa taron jama'a ne, ba a iya tantance hannun kowa ba, aka rufe. Likitan ya fi kowa ƙoƙari. Ya ƙirga haƙarƙarin da suka karye, sannan ya kwatanta zanen da ke fuskar mamacin. Na zauna a kujerar nan ina karanta yadda aka farfasa mutum, ban ma san ko kakana ne ba.

Daga nan na koma kan tsofaffin jaridun Hausa na watannin da suka biyo baya, shafi bayan shafi. A can ƙasan wani shafi, kusa da tallar sabulu, na ga layuka kaɗan. Wakilin yana ba da labarin cewa san da aka kashe mutum dominsa a gefen Dayi an gan shi cikin garken wasu makiyaya, bin shanu ya yi da ƙafarsa, an mayar wa mai shi. Ya rubuta shi ne kamar abin ban mamaki, ya kuma ja hankalin masu dabbobi su riƙa ɗaure su da kyau. Tallar sabulun ta fi labarin faɗi.

Na dawo gida da kwafin takardun nan, sai shakka ta kama ni. Mamman guda nawa ne a ƙasar Malumfashi, inda Dayi take? Wa ya ce sa ɗaya aka taɓa kashe mutum a kansa? Da fuskar Baba na da zane, da hotonsa kawai zan ɗauko in gwada da abin da likita ya rubuta, magana ta ƙare. Shaidar da nake buƙata ita ce aka hana shi tun yana kwana bakwai a duniya.

Wata biyu ina juya abin kafin in tuna cewa wanzami ba aska kaɗai yake gada ba, har da gidaje. Kowane gidan wanzamai ya san zanen gidajen da yake yi wa aiki, uba ya koya wa ɗa. Na hau bas zuwa Malumfashi, na sauka Dayi, mai babur ya kai ni ƙauyen. Na tarar da tsohon wanzaminsu a gindin darbejiya a ƙofar gidansa, ya haura tamanin, idonsa ɗaya ya mutu. Na gaishe shi, na ce ni jikar Delu ce da ta tafi Funtua. Ban nuna masa takarda ba.

Ya dube ni da idon da ya rage masa. Sannan ya ce, "Ɗiyar Iro ce ke. Yana nan?"

Na ce ya rasu.

"Allah shi jiƙan shi. Mahaifina ne ya yi mashi askin suna."

Na ce, "Baba, zanen gidan uban nasa nake so ka faɗa mini."

Ya sunkuya ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana da yatsa. Bille ɗaya a kuncin hagu, 'yan baka uku-uku a gefen baki. Ya ce, "Gidan su Mamman ke nan. Su kaɗai ke da billen a hagu duk ƙauyen ga." Abin da likita ya rubuta ke nan, ba ragi ba ƙari. Na ciro takardar jaridar da zumuɗi, ina ganin na kawo musu labarin da ba su taɓa ji ba, na ce, Baba, ai san ma an gan shi, ba sata ba ce. Ko kallon takardar bai yi ba.

"Ɗiyata, wa bai sani ba? Sa ya dawo saura kwana uku suna. Mahaifina ya zo da askar shi zai yi wa yaro zanen uban shi, kawunnan suka riƙe mashi hannu. Mai san ƙanin maigari ne, gonar da suke nomawa kuma tashi ce. In an yi zanen an ce Mamman mutumin kirki ne, in kuwa mutumin kirki ne to sai a tambayi wanda ya kashe shi. Har mahaifina ya mutu yana faɗin wannan aikin da bai ƙarasa ba."

Ya sa tafin hannu ya shafe zanen. Ya ce da Iro ya zo wajensa da ya faɗa masa. Na ce ai ya zo ƙauyen nan, an kore shi. Tsohon ya sunkuyar da kai, ni ma ban ƙara ba, domin abin da ke bakina bai dace da furfurarsa ba.

Wato ba ɓacewa gaskiya ta yi ba da har sai na je Kaduna tono ta. Tana nan a ƙauyen, kowa ya san inda take. Waɗanda suka kori Baba yana saurayi sun sani. Waɗanda suka ba mutanen Kafur labari a kaina sun sani, suka gyara zama suka ce jikar ɓarawo ce. Ina jin haushinsu fiye da masu sandunan, domin su masu sanduna zuciya ta ɗebe su rana ɗaya, waɗannan kuwa shekara saba'in suka yi suna zaɓen ƙarya da hankalinsu kwance.

Nakan tambayi kaina me Baba zai ce da ya ga yau. Zane ya mutu, jikokinsa da jikokin maigarin duk fuska ɗaya gare su, irin tasa. Ina jin murmushi zai yi, ya ce ashe gaba ya yi wa mutane. Amma da ya ga sauran, murmushin zai ɗauke. Har yanzu a kasuwanninmu mutum ɗaya ya yi ihun ɓarawo ya isa a rufe wani da duka, a kan waya ko babur, ko a ce ai wane ne ke kai wa 'yan daji rahoto. Bambancin kawai yanzu ana ɗauka a waya a tura wa juna, har hoton ya iso hannun matar wanda aka kashe. In gaskiya ta fito bayan mako guda, ba mai tura ta. Duk sanda irin hoton nan ya shigo wayata ba na kallon wanda ke ƙasa, tunanin wadda ya bari da ciki nake yi.

Me ya rage na Malam Iro? Gonarsa tana nan, ƙannena na nomawa. Haƙurinsa kuwa ban gada ba, ba na kuma so, domin na ga abin da ya ci masa. An ce in yafe, mutanen duk sun mutu. Wataƙila wata rana. Shi da yake da haƙƙin yafewa ba a ma bar shi ya san abin da zai yafe ba.

Ranar Juma'ar da ta wuce na aika da abincin sadaka, limamin unguwarmu ya leƙo zaure ya yi mana addu'a. Sabon zuwa ne, bai san Baba ba. Ya ɗaga hannu, sai ya tsaya ya ce, "Hajiya, Ibrahim ɗan wa?"

Ƙannena suka dubi ƙasa kamar yadda muka saba. Na ce, "Ibrahim ɗan Mamman. Mamman manomi."

Liman ya maimaita ya ci gaba da addu'arsa, bai ga wani abu a ciki ba. Amsar da Baba ya nema duk tsawon ransa ke nan, ba ta kai numfashi ɗaya ba, kowa a zauren ya ji ta ban da shi.