Ranar da Sada Ya Kwanta Ƙarƙashin Motar Kofur

Ƙanena Sada, Allah ya jiƙansa, baduku ne ɗan baduku. Ubanmu ya bar mashi rumfa a layin dukawa na kasuwar Batsari, ta uku in ka shigo ta gabas, da wuƙa da basilla da ƙashin goge fata. Ni na goye shi, don haka abin da zan faɗa a kansa ba ji na yi ba.

Har ya yi aure fata yake ɗinkawa kamar kowa: kube, jakar malamai, guga. Bayan yaƙin duniya, wanda muke kira yaƙin Bama, da motocin gyaɗa suka fara ratsa ƙasarmu suna yar da tsofaffin tayoyi a bakin hanya, ya tsinci ɗaya ya mirgino ta gida. Kwana uku yana fama da ita, ya fito da takalmi. Manoman Karare suka ga ƙaya ba ta huda shi, suka yi ca a rumfarsa. Da sauran dukawa suka ga inda ciniki ya koma, sai suka tuna roba tana wari.

Babbansu Sarkin Dukawa Sammani ne, abokin ubanmu, tsoho mai son a gaishe shi sau biyu. Ya ce taya ba sana'ar gado ba ce, layin nan na masu fata ne. Tashin Sada yake so, dalili kawai ya rasa.

Motar Kofur Mani ce ta ba shi dalilin. Kofur tsohon soja ne, ya dawo ya sayi wata tsohuwar kitika, irin ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya, yana jigilar 'yan kasuwa tsakanin Batsari da Safana. Motar ta girmi babbar 'yarsa. A shekarar da nake magana ta kama wani bugu daga ƙasa, ko tsakuwa ta taka sai ka ji kamar ana sakwara, injin kuma yana rawa har sitiyari na fizgar hannun Kofur. Ni tukwane nake ginawa. Na zuba goma a Batsari, na sauke huɗu da katangar fasassu a Safana. Masu ƙwan zabi suka koma kan jakai.

Kofur ya kai ta Katsina wurin wani makaniki. Aka ce robobin da ke cikin idon sifirin, ƙarfen nan mai ɗauke da nauyin mota, sun cinye, waɗanda injin ke zaune a kai sun tsage. Aka sa na sifirin sababbi, 'yan Kano, a cikin takarda mai rubutun Turawa. Kasuwa biyu suka yayyage. Aka ce babu wasu sai jirgin ruwa ya iso Ikko. Mota ta zauna gindin tsamiyar bakin kasuwa, awaki suka samu inuwa.

Sada ya je roƙon tsohuwar taya, ya ga yagaggiyar robar a ƙasa, ya ɗauka ya daɗe yana juyawa.

"Kofur, wannan ba cinyewa ta yi ba. Murɗe ta aka yi."

"Ka ji baduku," in ji Kofur. "Makanikin da ya yi shekara goma ƙarƙashin Bature bai gane ba, sai kai?"

"Ni dai roba na sani. In ka yarda in yanka maka wasu."

"Motar tawa za ka yi wa takalmi?"

"To yanzu da take zaune ba takalmi, ina ta kai ka?"

Kafin azahar magana ta kai layin dukawa. Sammani ya kira Sada gaban kowa ya ce, "Ɗana, ka bar fata mun yi shiru. Yanzu za ka shiga aikin da ba naka ba. In motar nan ta zubar da mutane, dukawan Batsari za a zaga. Ka yi aikinka. Amma in ya lalace kafin kasuwa huɗu, ka kwashe tayoyinka ka bar mana rumfa."

Sada ya durƙusa ya ce, "Na ji, Baba." Da ya zo gidana na ce mashi rumfar ubanmu ce ya ɗora a kan ruɓaɓɓiyar mota. Ya ce, "Yaya, kina da busasshiyar kuɓewa?" Ban san lokacin da na miƙa mashi ba, don haushi.

Ranar kasuwa da hantsi ya fara. Ya zaɓi tayar babbar mota mai zare a ciki, ya yanka ƙawanya-ƙawanya daidai idon sifirin, ya kai maƙera aka huda da jan ƙarfe. Aka ɗaura igiya a reshen tsamiya, ƙarti shida suka ja injin ya ɗan tashi, ya zare tsagaggun robobin ya jera nasa, falle uku-uku. Kofur ya ce a canja na dama kawai, na hagu da sauransa. Sada ya ce bai taɓa yi wa mutum takalmi wari ɗaya ba, ba zai fara a kan mota ba.

Da ƙawanyar ta ƙi shiga, Kofur ya kawo baƙin mai. Sada ya ture gwangwanin ya ce mai cin roba yake. Kuɓewata ya jiƙa, ya shafa yauƙin, ya buga da tabarya, ta zame ta zauna. Mahauta suka ce yau sun ga mota ta sha miya.

Motar tana ɗage a kan jak, ƙafafunta na reto, Kofur ya ɗauko sifana zai ɗaure notuna. Sada ya riƙe hannunsa.

"Na Katsina haka ya ɗaure?"

"Haka mana. A ɗage ake aiki."

"Shi ya kashe maka roba. Ka taɓa ganin na auna ƙafar mutum yana zaune? Sai ya miƙe ya taka, in ɗan dako ne ya ɗora kayansa, sannan in zana da gawayi. Ƙafa buɗewa take in nauyi ya hau ta. Ka ɗaure wannan tana rataye, ka sauke, ka zuba mata mutum goma sha biyu, dole robar ta murɗe. Tun ba ta bar tasha ba ta fara yagewa. A sauke ta, a cika ta yadda take tafiya, sannan in ɗaure."

Aka sauke. Gyaɗa ba ta iso ba balle a loda buhuna, sai dai mutane. Sada ya karɓi sifana ya shige ƙarƙashi ya kwanta rigingine, ya ce a hau.

Ba wanda ya motsa. Mazan suka ce in ta danne shi, su waye za su je gaban alƙali? Matan suka ce ba su zama a saman namiji yana kwance, ba tarbiyya ba ce. Kofur ya yi ta kira kamar yana fareti, kowa na kallon ɗan'uwansa. Sammani na tsaye da sandarsa, na ga gemunsa yana motsi.

Na aje tukwanena na gyara ɗamara. A lokacin ba ƙaramar mace ba ce ni. Na ce, "Shekara biyu ina ɗauke da yaron nan a bayana yana yi min fitsari. Yau ya ɗauki nawa nauyin." Na taka na hau, motar ta yi ƙasa.

Daga ƙarƙashi Sada ya ce, "Yaya ce ko? Na gane. Saura mutum tara ke nan, ba sha ɗaya ba."

Kasuwa ta kwashe da dariya. Hansai mai daddawa ta biyo ni, sai masu ƙwai, sai mahauta don kunya. Muka cika ta, Kofur ya zauna mazauninsa. Muna jin sifana na aiki ƙarƙashin ƙafafunmu. Can ya ce mu yi tsalle a zaune sau uku. Muka yi, manya da mu, gaban duk Batsari. Ya ƙara ɗaurewa ya fito, bayansa duk kashin awaki.

Washegari na zuba tukwane goma muka nufi Safana. Ba zan ce ta koma sabuwa ba, tsohuwa ce, tana nishinta a kan tudu. Amma bugun ya tafi, har Hansai ta yi gyangyaɗi. Na sauke tara lafiya. Ta goma ni na zauna mata, ban ɗora wa kowa ba.

Kasuwa ta huɗu, Sammani ya zo gindin tsamiya da dukawa a bayansa. Bai yarda da bakin Kofur ba. Ya ba wani sandarsa, ya tattare riga, ya durƙusa da ƙyar, ya zura hannu ya lalubi idon sifirin, gaba da baya, hagu da dama. Ya matsa da babban yatsa yadda ake gwada jemammiyar fata. Ya daɗe a ƙasa, har na fara tunanin tashin ne ya gagare shi. Mutum biyu suka ɗaga shi.

Ya kakkaɓe gwiwa, ya dubi dukawa, bai dubi Sada ba.

"Awon tsaye ne ya yi," in ji shi. "Aikin dukawa ne wannan tun kakanni. Uban yaron nan a wurina ya koya."

Ƙarya yake. Ubanmu ya girme shi da shekara bakwai, kuma Sammani har ya mutu a zaune yake auna mutane. Na buɗe baki, Sada ya taka min ƙafa.

"Haka ne, Baba," ya ce. "Allah ya ƙara girma."

Shekara tara Sada ya ƙara yi a rumfar nan, direbobi na zuwa daga Dutsin-Ma da Jibiya suna tsayar da motoci a bakin layin dukawa, hayaƙi na shiga har rumfar Sammani. A rumfar ubanmun ciwon ajali ya same shi, kuma ɗansa ne a ciki yanzu.